Amsoshin Wasiƙunku: Daga Gora Zuwa Leda, Tarihin Kayan Aikinmu a Ƙasar Kabi

  Kamar yadda muka saba, amsar da kuka ji a akwatin rediyo ita ce muke bugawa a nan, domin wanda yake gona ko kasuwa lokacin da aka watsa shirin ya samu ya karanta, ko kuwa ya sa yaro ya karanta masa.

TAMBAYA

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ƙauye a ƙasar Argungu, daga hannun wani bawan Allah mai noman shinkafa a fadama, wanda kuma yakan taɓa fataucin dabbobi idan rani ya yi. Ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce yana da wata saniya da ta yi wata biyu tana ramewa, an yi ta ba ta magani ba ta murmure ba, har dai ya ga gara a yanka ta kafin ta zama mushe. Da aka farke tumbinta, sai mahauci ya ciro wani dunƙulen leda da igiyar buhu wanda ya kusa cika daro. To shi ne yake tambaya: wai shin kakanninmu ina suke zuba shararsu, da ba a taɓa jin irin wannan ba a zamaninsu? Kuma mece ce gaskiyar maganar da ya ji ana yi, cewa Turawa sun fara ƙera kaya ta yadda ba za su bar shara ba?

AMSA

To Malam, da farko dai muna yi maka jaje, Allah ya mayar maka da alheri. Saniya ba ƙaramar dukiya ba ce, kuma duk mahaucin da ka tambaya daga Argungu har Birnin Kabi zai gaya maka ba taka ce ta farko ba.

Amsar tambayarka ta farko a taƙaice ita ce, kakanninmu suna da juji kamar yadda muke da shi, sai dai abin da ke cikin jujinsu taki ne, manoma har rububinsa suke yi. Dalili kuwa shi ne, tun a wurin ƙira ake yanke wa kaya hukuncin inda zai ƙare. Hausawa sun ce ba a fafa gora ranar tafiya. Idan abu ya zo hannunka an riga an yi shi ta yadda ba ya gyaruwa, kuma ba ya ruɓewa, to komai tsabtar matar gida sai ya zama shara. Bari mu bi tarihin a hankali, ka ga yadda aka faro da inda aka kwana.

Abin da kufai ya bar mana

Kamar yadda masana tarihi suka nuna, Muhammadu Kanta ya ɓalle daga mulkin Askiya na Songhai wajajen shekara ta 1516, ya kafa daular Kabi, ya yi hedikwatarsa a Surame. Birni ne babba mai ganuwar dutse, an zauna cikinsa kusan shekara 200 kafin sarauta ta koma Birnin Kabi. A shekara ta 1805 rundunar jihadi ta ci Birnin Kabi, daga baya kuma Kabawa suka kafa sarautarsu a Argungu wajajen shekara ta 1827.

To, wanda ya je kufan Surame a yau me zai gani? Zai ga duwatsun ganuwa, ya ga tsingaron tukwane a ƙasa. Dubban mutane sun ci sun sha a wurin, sun yi saye da sayarwa, sun yi aure sun haifu, amma ƙorensu da tabarminsu da takalmansu da ragarsu ta su duk ƙasa ta shanye. Wanda yake son ganin irin waɗannan kaya sai ya shiga Gidan Tarihi na Kanta da ke nan Argungu. Shi kansa gidan darasi ne, domin tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, an zauna cikinta har shekara ta 1942, da aka gina sabuwa ba a rushe ta ba, sai aka mayar da ita gidan tarihi a shekara ta 1958. Idan ka duba kayan da aka ajiye a ciki, makamai ne, da tambura, da kayan su, kusan duka daga abu biyar suka fito: icce, fata, ƙarfe, yumɓu, da abin da aka shuka. Huɗu daga ciki ƙasa ce ke karɓarsu in sun tsufa, ƙarfe kuwa maƙera yake komawa.

Gora da ƙwarya

Mu ɗauki gora, tun da shi ne duniya ta san Argungu da shi. Bikin kamun kifi irin wanda muka sani yanzu ya faro ne a shekara ta 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyarar sada zumunci bayan tsohuwar gaba, kuma a shekara ta 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Masuncin da zai faɗa Matan Fada ranar gasa abu biyu yake riƙe da su, homa da gora. Dubi hikimar da ke cikin goran nan. Shuka shi aka yi, ba haƙo shi aka yi ba. Shi ne jirgin masunci, a kansa yake kifa cikinsa ya yi iyo, shi ne kuma ma'ajiyar kifin da ya kama. Idan ya tsage a ɗinke, idan ya fashe gaba ɗaya a yi wani aiki da gutsattsarin, 'ya'yan da aka fafe daga cikinsa kuma su ne irin baɗi.

Haka rayuwar ƙwarya take a gidan Bahaushe. Daga duma ake samun masaki, da ƙwaryar fura, da ƙoƙo, da ludayi, da buta, da shantu. Sabuwar ƙwarya takan fara da jere a ɗakin amarya, ko tallan nono. In ta tsage ga gyartai nan yana yawo unguwa-unguwa da basillarsa, ya ɗinke ta a ba shi ɗan abin da ya samu. In ta daina riƙe ruwa ta koma awon hatsi ko zuba dusa. In ta fashe ta zama sakaina, a kwashe shara da ita, a ba kaji ruwa, a ɗebo wuta a maƙwabta. Ranar da ta gama aiki sai murhu ko juji. Ka ga ƙwarya ɗaya ta yi aiki huɗu ko biyar, ta kuma ciyar da manomin duma, da mai fafa, da mai zane, da gyartai.

Sana'ar da sharar wata ce jarinta

Abin bai tsaya kan ƙwarya ba. A da, kusan kowace sana'a abin da ta zubar shi ne jarin wata. Dubi ɗorawa: garin a sha, kalwar a yi daddawa, ɓawon kuma a yi makuba a shafe gini da daɓe don kada ruwa ya ci su. Dubi marina: idan baba ya gama aiki a karofi, laka takan kwanta a gindin rijiyar, ita ce katsi. Marina sukan kwashe ta, su busar, su ƙona, a haɗa laso da ita, da lason nan ake shafe sabuwar rijiyar rini da rufin soro. Karan dawa a yi danni da shi, ko a ƙona a tace ruwan toka a yi sabulu. Harawa da dusa na dabbobi ne, kashin dabbobin kuma na gona. Majema suna jima da bagaruwa, guntayen fatar da dukawa suka rage a yi laya da igiyar takalmi. Magina da yawa sukan daka tsingaron tsohuwar tukunya su cuɗa da sabon yumɓu don ya yi ƙarfi a wuta.

Maƙeri ma haka. Garma in ta cinye a mayar da ita fartanya, fartanya ta koma wuƙa ko lauje, har a kai ga basilla. Ƙota ce ta karye? A sake ƙota, ruwan yana nan. Ruwan ne ya dakushe? A kai maƙera a koɗa, ƙotar tana nan. Wannan ita ce babbar dabara, watau a yi abu gaɓa-gaɓa, yadda in gaɓa ɗaya ta lalace ba sai an yar da sauran ba. Rigar saƙi ma da ƙyalle-ƙyalle ake haɗa ta, in ta koɗe a mayar marina a tura ta, in ta tsufa a rage wa yaro, daga nan ta zama gammo, ko tsumma, ko lagwanin fitila.

Fatake kuwa da me suke ƙunshe kaya? Goro a huhun ganye yake zuwa, gishirin Foga a cikin kaba, hatsi a taiki, ruwa a salka. Mai ƙosai da mai tsire a ganye ko takarda suke naɗe maka. Duk abin ƙunshin da ya faɗi a kasuwa, in akuya ta ci ta ƙoshi, in ba ta ci ba damina ɗaya ta ishe shi. Shi ya sa a kewayen manyan birane irin su Kano manoma suka daɗe suna shiga gari da jakuna da mangaloli suna kwasar juji suna kai wa gonakinsu, su kuma shigo da itace da hatsi. Abin da gari ya ci daga gona yake zuwa, abin da gari ya zubar gona yake komawa.

Sai dai fa mu faɗi gaskiya, kada mu mayar da zamanin da tamkar aljanna. Yawancin wannan tattali rashi ne ya koyar da shi, domin ƙarfe yana da tsada, tufa tana da tsada. Tulu yana da nauyi, yana kuma fashewa, iyayenmu mata su suka san wahalar da suka sha a hanyar rijiya. Ƙwaryar da ba a wanke da kyau ba takan ɗauki cuta, salka takan sa ruwa wari. Da jarka da bokitin roba suka zo, ba wanda ya tilasta wa kowa, sauƙi aka gani aka karɓa.

Zuwan kayan Turawa

Turawan Ingila sun iso Argungu a shekara ta 1902, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila. Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekara ta 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, daga nan motoci suka riƙa rarraba kayan kanti zuwa ƙasar Sakkwato da Gwandu da Kabi. Kwanon sha da langa suka fara ture ƙwarya a jeren amare, fitilar kananzir ta ture ta man gyaɗa, tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota kuma suka yi yawa har sana'ar narka tama ta mutu.

Abin lura a nan shi ne, wannan rukuni na farko na kayan Turawa bai gagari mutanenmu ba, sun saka shi cikin tsohon tsarinsu. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal da ma'aunin gishiri. Garwar kananzir ta zama ta 'yan ga-ruwa. Tayar mota ta zama takalmi, tib ɗinta ya zama guga da igiyar ɗaure kaya. Sifirin ɗin mota ya zama garma da gatari. Tarkacen alminiyam aka narka aka zuba tukwane. Kwano in ya huje a kai wa mai liƙi. Keke da rediyo da keken ɗinki da noti aka ɗaure su, ana kwancewa ana sake abin da ya lalace, shi ya sa har yau za ka ga keken ɗinkin da kaka ta bari jika tana aiki da shi.

Kwalbar lemo ma haka take. Mu da muka taso a wajajen 1990 mun san ba a ba ka lemo ka tafi da shi sai ka kawo wata kwalba, ko ka ajiye kuɗin kwalba. Kamfani ne mai kwalbarsa, motarsa ce ke zuwa ta kwashe, a wanke a sake ɗurawa. Ba ka taɓa ganin kwalbar lemo a kwata, domin kuɗi ce. Ka riƙe wannan misali, Malam, za mu komo kansa.

Yadda aka fara ƙera abin yarwa

To a ina aka sauka daga wannan hanya? A can ƙasashen masu masana'antu ne wasu suka lura cewa kaya mai ƙarko ba ya sa mai saye ya dawo da wuri. Akwai wani sanannen labari a kan haka. A watan Disamba na shekara ta 1924, manyan kamfanonin ƙwan lantarki na duniya, cikinsu har da Osram na Jamus da Philips na Holan, suka yi taro a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, suka ƙulla yarjejeniya cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, alhali kafin nan ana yin mai kaiwa awa 1,500 har 2,000. Kamfanin da ƙwansa ya wuce ƙa'ida tara ake cin sa. Wannan ƙawance ya watse lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma dabarar ba ta mutu ba.

Sai kuma roba ta zo. A shekara ta 1933 ne masu bincike na kamfanin ICI a Ingila suka gano sinadarin da ake yin leda da shi, wanda yanzu daga man fetur da iskar gas ake samunsa. A 1935 aka gano nailan a Amurka, wanda daga baya ya maye gurbin zaren auduga da na rama a ragar masunta. Jakar leda mai hannu kuwa irin wadda muke karɓa a kasuwa, wani injiniya ne ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sten Gustaf Thulin ya tsara ta, aka yi mata rajista a shekara ta 1965.

A nan ƙasarmu, abin ya yi ƙarfi ne bayan shirin tsuke bakin aljihu na SAP da aka fara a shekara ta 1986. Darajar naira ta faɗi, talaka ya kasa sayen gwangwani guda, sai aka koma ƙulla komai ƙanana-ƙanana a leda: sukari, man gyaɗa, omo, madara, gishiri. A shekarun 1990 ruwan leda ya bazu ko'ina. Ya taimaka, ba a musu, domin ya fi ruwan randar tasha da kowa ke tsoma moɗa ɗaya tsabta. Amma dubi yadda aka tsara shi: ruwan minti biyu ake shanye shi, ledar kuwa sai ta shekara da shekaru ba ta ruɓe ba, ba ta da kuɗin ajiya, ba kuma wanda ke zuwa karɓarta. Wanda ya yi ta ya ci ribarsa ya tafi, ya bar wa mai saniya da mai gona da mai gyaran kwata biyan bashin.

Wasu masana a Amurka sun yi lissafi a shekara ta 2017, suka ce a 1950 robar da duniya ta yi ba ta wuce tan miliyan 2 ba, amma a 2015 ta kai wajen tan miliyan 380 a shekara guda. Daga cikin wadda aka gama amfani da ita aka yar har zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 kawai aka sake sarrafawa, aka ƙona kashi 12, sauran kashi 79 suna nan jibge a bola, ko a daji, ko a ruwa. Wani ɗan kaso daga ciki shi ne mahauci ya ciro daga tumbin saniyarka. Dabba takan lashi leda don ƙanshin gishiri ko mai da ya rage a jiki, ta haɗiye, ba ta narkewa, sai ta dunƙule ta tare wurin abinci, dabbar ta riƙa jin ƙoshi alhali yunwa ke cin ta. A gona ma, takin juji da ake rububi yanzu sai an tsince leda kafin a watsa. A gulbi kuma, ragar nailan da ta tsinke ta nutse tana nan tana kama kifi ba mai ci.

Abin da Turawa suke kira sabon tsari

Yanzu sai tambayarka ta biyu. Gaskiya ne abin da ka ji. Masana suna kiransa tattalin arziki mai zagayowa, domin su bambanta shi da miƙaƙƙen tsarin nan na a haƙo, a ƙera, a yar. Wata Baturiyar Ingila mai suna Ellen MacArthur, wadda ta yi suna wajen zagaya duniya ita kaɗai a jirgin ruwa mai filafilai, ta kafa gidauniya a shekara ta 2010 don yaɗa wannan ra'ayi. Abin da suke cewa shi ne, tun kafin a ƙera abu a tambaya: zai daɗe? Zai kwantu a gyara shi? In ya gama aiki, ƙasa za ta karɓe shi, ko kuwa masana'anta za ta narka shi ta sake wani? Malam, in ka duba da kyau, ai gyartai da maƙeri sun daɗe da amsa waɗannan tambayoyi. Bambancin kawai, su yanzu da doka suke bi.

A Faransa, a watan Janairu na 2021 aka wajabta a manna wa wayar salula da injin wanki da wasu kayan lantarki maki daga cikin 10, mai nuna sauƙin gyaransu, don mai saye ya gani kafin ya biya. Tarayyar Turai ta wajabta cewa daga ƙarshen shekara ta 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta bakin caja iri ɗaya za ta yi. Jamus tun 2003 ta sa kuɗin ajiya a kan gwangwani da gorar roba ta abin sha, watau dai tsarin kwalbar lemon nan. Wasu ƙasashen kuma hanawa suka yi: Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan an ga yadda take toshe magudanan ruwa lokacin ambaliya, Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi dokarta a 2014, amma fataken da ke ƙetarawa ta Kamba zuwa Gaya sun san leda ba ta ɓace a kasuwa ba, domin doka in ba a tanadi madadi ba takarda ce. A nan gida, Jihar Legas ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a watan Janairu na 2024. Hukumar kula da muhalli ta tarayya, watau NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da tsarin da ya ce kamfanin da ya fito da kaya shi ke da alhakin kwashe ɓawonsa. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Saura dai a ga aiki a ƙasa, a ƙauye kamar yadda ake yi a birni.

Kada kuma a ɗauka duk roba ce abokiyar gaba. Ga buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka tsara, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a shekara ta 2007. Roba ce, amma an yi ta don a ɗaure wake iska ta daina shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba guba ba, kuma in an kula da shi bai huje ba yakan yi kaka uku yana aiki. Da shi da ledar ruwa kusan jinsinsu ɗaya, niyyar mai ƙira ce ta raba su.

Ga kuma misali a ƙofar gidanmu. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kabi a watan Nuwamba na 2015, noma ya ƙaru, injinan casa suka yawaita. A watan Agusta na 2017 Mukaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe masana'antar shinkafa ta WACOT a Argungu. To, a duk buhu biyar na shanshera, nauyin kusan buhu guda ɓuntu ne. Inda ba a yi tanadi ba sai ya zama tsauni a bayan gari, a cinna masa wuta ya yi ta hayaƙi. Inda aka yi tanadi tun wurin gina injin, ɓuntun nan shi ne makamashin turara shinkafar, har a samu wutar lantarki, kuma lokacin buɗe masana'antar ta Argungu an bayyana cewa da irin wannan tsari aka gina ta. Ƙananan masu casa ma suna iya curawa a yi gawayi, ko a shimfiɗa wa kaji, tokar kuma a kai gona. Katsi da laso ke nan a sabuwar riga.

Gargaɗi da shawara

Akwai gargaɗi guda da ya zama dole mu yi. Ba kowane mazubi ake sake amfani da shi ba. Galan ko kwalbar maganin feshi, komai wankin da aka yi mata, kada a zuba ruwan sha, ko nono, ko man girki. A ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin injin feshi, sannan a huda ta don kada yaro ya ɗauka. Kada a fasa tsohon batirin mota a cikin gida, dalmar da ke ciki guba ce, ta fi kuma cutar da yara. Haka nan hura wuta da leda, ko dafa alala a cikinta, ba alheri ba ne ga lafiya.

Ga manomi, kafin ka sayi injin ban-ruwa, ko fitila mai aiki da hasken rana, ko injin feshi, fara zuwa wurin mai gyara ka tambaye shi wanne ne ake samun kayan gyaransa a Argungu ko Birnin Kabi ko Jega. Duba ko da noti aka ɗaure shi, ko kuwa liƙe shi aka yi. Fitilar da ba a iya sake mata batir, ranar da batirin ya mutu kuɗinka sun mutu. Araha dai ba ta ado. Dabbobi kuma a tsince musu leda a wurin kiwo da cikin dusa, ranar kasuwa kada a sake su su bi bayan 'yan tireda.

Ga ɗan kasuwa, kai ne mahaɗa tsakanin kamfani da mai saye, abin da ka ƙi sara shi kamfani zai daina yi. Lissafa kuɗin da kake kashewa a kan leda a wata guda, ka gani ko ba gara ka yi ɗan ragi ga wanda ya zo da kwanonsa ko jakarsa ba. Shugabannin kasuwa suna iya ware wuri guda a tara gorunan roba da ledar ruwa, domin 'yan bola-jari suna saye, masu renon itatuwa ma suna neman ledar ruwa. Masu saƙa kaba, da masu ƙwarya, da maƙera, da masu gyaran waya da rediyo, a riƙa yi musu ciniki, su ne masana'antar da muke da ita a hannu. Addininmu ma ya hane mu da almubazzaranci.

Wata rana jikokinmu za su haƙa ƙasa a inda muke zaune yanzu, kamar yadda muke ganin tsingaro a Surame. Abin da za su tarar, mu ne muke sayensa a kasuwa yau.

To Malam mai tambaya, da fatan ka gamsu. Allah ya tsare sauran dabbobin, ya ba da damina mai albarka. Masu sauraro, a ci gaba da aiko mana da wasiƙu, a kuma rubuta da kyau yadda za su karantu. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.